Sunan da Mukhtar Ya Rubuta Sau Ɗaya

A wannan watan Mukhtar ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Na saba duk shekara in ba da 'yar sadaka, in kira 'yan'uwa a Kano a yi masa addu'a, in koma harkokina. Bana na ce sai na yi rubutu, domin akwai maganar da ta daɗe tana cina, kuma wanda ya kamata in faɗa wa ba ya nan. Masu karanta wannan fili sai su yi haƙuri su tsaya a madadinsa.

Mukhtar taubashina ne. Mahaifiyata da mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma wata huɗu ne tsakaninmu, ni ne babba, ko da yake har ya koma ga Allah bai yarda da haka ba sai in zai ce mini tsoho. Wasan taubasai ya ba mu damar yaɓa wa juna magana a gaban manya ba mai cewa uffan, mu kuma muka mori damar har furfura ta fito mana. Abin da ban yarda na gaya wa kaina da wuri ba shi ne, shi wasa yake yi, ni kuwa rabin nawa da gaske ne. Tun muna firamare in na zo na uku, shi ne na ɗaya. In na sayi keke ina murna, sai a ce an ga Mukhtar a kan babur. Ban taɓa yi masa fatan sharri ba, Allah ne shaidata. Amma ban tuna ranar da aka ba ni labarin wata nasara tasa na ji daɗi zalla ba.

Karatu ya kawo mu Ingila a shekara ɗaya. Shi ya tafi Manchester karatun injiniya, ya kama ɗaki a Hulme, ni na sauka Birmingham ina karanta aikin akanta, na zauna Aston, inda nake har yau. Muka gama, muka sami aiki, muka yi aure. Allah ya ba shi 'ya mace, Rukayya, bayan shekara biyu matarsa Maryam ta haifi tagwaye maza. Ni da matata Halima Allah bai ba mu haihuwa ba. Kun ga ko a nan ma ya yi mini fintinkau.

Rukayya tana da shekara shida, wata Asabar, sai ga motar Mukhtar a ƙofar gidanmu. Ya fito da yarinyar da 'yar jakarta, ya miƙa wa Halima hannunta, ya ce, “Ga 'yarku nan.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, ya wuce ciki yana tambayar ko akwai abinci. Halima ta shige kicin ta yi kuka mai isarta. Ban san wata kyauta da wani mahaluƙi ya taɓa yi mini da ta kai wannan ba, kuma ban san wadda ta fi ta nauyi ba.

Yaran da suka tashi a nan ba lallai su gane abin da zan faɗa ba, don haka bari in warware. Rukayya 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Mukhtar, wanda zai tsaya gaban Turawa cike da ɗaki ya yi musu gardama har su sallama, ba ya iya buɗe baki ya faɗi sunan 'yarsa. Sai dai ya ce “yarinyar nan,” ko “ta wajenku,” in yana cikin raha ya ce “'yar Birmingham.” Ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya yabonta, ba ya ko kallonta sosai. Haka iyayenmu suka yi da mu, kuma a Kano ba wanda zai ga abin mamaki. Kowa ya san ba ƙi ba ne.

Mu muka raine ta. Ni na riƙa kai ta makaranta cikin ruwan sama, ni na zauna da ita a asibiti lokacin da kunnenta ya dame ta, ni malamai suka sani a ranar ganawa da iyaye. Ni na bi ta a guje ina haki a filin wasan unguwa har ta iya keke. Turancinta ya fito irin na mutanen Birmingham, in ta je hutu tagwaye su yi ta kwaikwayonta da nasu na Manchester. Duk da haka ni Baffa ne, shi ne Abba. In ta ji tsayuwar motarsa sai ta sauko a guje, ta zo bakin ƙofa ta tsaya cak. Shi kuma ya dafa kanta yana kallon wani wuri, ya juyo ya tambaye ni, “Tana dai karatu ko?” Wannan dafa kai ɗaya sai ya ishe ta murna mako guda. Ni da na jiƙe a ruwa saboda ita, ina gefe ina kallo, zuciyata tana tafasa.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Waɗanda suka zauna a ƙasar nan lokacin ba sa bukatar tuni. Gwamnati ta ce babu kuɗi, aka shiga rufe ɗakunan karatu da wuraren matasa, motocin haya na wasu unguwanni suka ragu, kowane ofis ana taro a kan wa za a sallama. Ina aiki a wata ƙaramar hukuma, kuma abin dariya, ina cikin masu tsara takardun da ke nuna sashen da za a rage. Na yi ta tsara na wasu har ranar da aka kira ni aka miƙo mini tawa. Shi ma Mukhtar aikin da kamfaninsu ya dogara da shi aka soke. Sai dai shi bai tsaya jiran takarda ba. Cikin 'yan watanni ya sami aiki a wani kamfanin mai a Calgary, ya kwashi Maryam da tagwaye ya yi Kanada. Wahala ɗaya ce ta same mu, amma ni ta kai ni ɗakin bayan wani kanti ina cika wa direbobin tasi takardun haraji, shi ta kai shi gida mai garejin mota biyu.

Rukayya tana da sha bakwai a lokacin, jarrabawar shiga jami'a a gabanta. Aka yanke shawara ta zauna da mu ta ƙarasa. Shawarar mai kyau ce, amma na san irin yadda na dage a kanta, kuma na san ba jarrabawa kaɗai ce a raina ba.

Duk Lahadi bayan la'asar, lokacin da gari ya waye musu a can, sai ya kira. Tun azahar Rukayya za ta ajiye waya a kan teburin cin abinci ta zauna kusa da ita da littafi, wai karatu take yi. In ya kira ba ya wuce minti biyu da ita. Kuna lafiya, ya karatu, a dage, ba ni Baffanki. Daga nan sai ya buɗe mini makaranta.

“Kabiru, kuɗi a savings account barci suke yi. Ka sayi shares, ko index fund ne ka fara da shi. Mu nan har account gare mu da ba a taɓa ribarsa da tax.”

“Injiniya, ka tsaya kan bututunka,” in ce masa. “Ni na karanta abin nan.”

“Ka karanta, ni ina yi.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Ya san kamfanin da zai saya da wanda zai ƙyale, ba ya zuba kuɗinsa inda ake harkar giya ko kuɗin ruwa, kuma duk da wannan tankaɗe da rairaya sai ka ji abin ya hau. Farashin mai yana sama a shekarun, komai ya taɓa sai ya yi albarka. Ni kuwa abin da zan zuba ma babu. Ya taɓa cewa zai saya mini hannun jari da sunana in biya a hankali. Na ba shi amsar da ta sa bai sake tayar da maganar ba, kuma har yau in na tuna lafazin da na yi amfani da shi sai kunya ta kama ni.

A shekara ta uku Maryam ta rasu bayan gajeriyar jinya. Mukhtar ya yi sanyi. Hirar Lahadi ta bar kan abin da zai hau da abin da zai sauka, ta koma kan abin da mutum zai bari. Mutanenmu ba sa son rubuta wasiyya. Wani gani yake kamar kiran mutuwa ne, wani ya ce ai Allah ya riga ya raba gado, me ya rage a rubuta. Mukhtar ya gane cewa kotun Kanada ba ta san wannan rabo ba sai ka rubuta mata shi. Ya je wurin lauya, ya sa aka rubuta cewa a raba dukiyarsa tsakanin 'ya'yansa yadda Shari'a ta tsara. Daga nan ya je wurin wata mata mai ba da shawara kan harkar kuɗi, suka cika takardun asusun ritayarsa da na inshorar rai da wurin aiki ya yi masa.

Ba a daɗe ba sai ga babban ambulan daga Calgary. A ciki akwai kwafin takardun duka, da wasiƙa guda da hannunsa, da Hausa. Na haddace ta, ga abin da ta ce:

“Kabiru, ga takardun nan ka duba mini, kai ka san harkar. Matar ta ce in faɗi sunayen waɗanda za su karɓi kuɗin ritaya da na inshora. Na faɗi na tagwaye, da na zo kan na ɗayan bakina ya yi nauyi, ita kuma har ta wuce gaba. Na ce a raina ai wasiyya ta rufe komai. Amma hankalina bai kwanta ba. In da matsala ka gaya mini in koma in sa Rukayya, don ba na so ta rasa ko allura a cikin abin da zan bari. Kar ka nuna mata wannan, ka san halina.”

Shekara ashirin da ɗaya da haihuwarta, wannan ne karo na farko da na ga sunan ya fito daga wurinsa.

Da farko ba matsalar na gani ba, yawan dukiyar na gani. Ba zan faɗi adadi ba, ba huruminmu ba ne. Daga baya na sake bin takardun a matsayina na akanta, sai na ga inda gizo ke saƙa. Washegari na je ɗakin karatun unguwa, wanda a lokacin rabin yini kawai yake buɗewa, na tabbatar da abin da nake zargi.

Mukhtar ya sha yi mini gori cewa su a Kanada babu harajin gado irin na nan. Haka ne, amma akwai abin da ya tsaya a madadinsa. Ranar da mutum ya mutu, hukumar haraji tana ɗauka kamar ya sayar da hannayen jarinsa a farashin wannan rana, ta nemi rabonta a kan ribar. Asusun ritaya kuma a lissafa shi kamar kuɗin da ya shigo masa gaba ɗaya a shekarar. Da Maryam tana raye da an mayar mata da su, harajin ya jira. Babu ita, babu jira. Sannan ga babbar: asusun da aka rubuta sunayen masu karɓa, kai tsaye yake tafiya wurinsu, wasiyya ba ta taɓa shi. Harajinsa kuwa daga ragowar dukiyar ake cirewa, wato daga inda rabon Rukayya yake. Tagwaye za su karɓi nasu cif, ita za ta jira abin da hukuma ta rage.

Magana ɗaya a waya ta isa ta gyara wannan. Ka koma ka sa suna na uku. Ban faɗa ba.

Na yi shekaru ina nema wa kaina uzuri, kuma yau ba don in kawo uzuri na zauna rubutu ba. Dalili na farko, tun da muka taso wannan ne karo na farko da Mukhtar ya bukaci abin da na fi shi sani, kuma na so in ɗan daɗe ina jin daɗinsa. Na so ya tambaya, ya sake tambaya. Na biyun ya fi muni. Wasiƙar ce ta tsaya mini a rai. Mutumin da bai taɓa kai ta asibiti ba, bai san sunan malaminta ko ɗaya ba, ya zauna ya rubuta layi ɗaya, kuma na san in ta gan shi duk wahalar da na sha za ta koma bayan wannan layi. Can ƙasan zuciyata kuma akwai wata murya da nake jin kunyar ta, tana cewa a bar takardun yadda suke, wata rana yarinyar ta gane wa ya tsaya mata. Kishi ne tsagwaronsa, ba shi da wani suna.

Lahadin da ta biyo baya ya tambaya. “Ka duba takardun nan kuwa?”

“Ina kai,” na ce. “Ba wani urgent ba ne. Ai ba gobe za ka mutu ba.”

Ya yi dariya. “Sai na binne ka, tsoho.”

Ya sake tambaya sau ɗaya bayan wata guda, na sake cewa ina kai. Daga nan bai ƙara ba. Ya ɗauka da akwai matsala da na faɗa, domin a wurinsa ni mai amana ne. Ni kuma kullum ina cewa Lahadi mai zuwa. Mutum mai shekara hamsin, lafiyayye, yana tafiyar ƙafa kowace safiya, ina gaggawar take? Bayan wata bakwai ya faɗi a wurin ajiye motoci na ofishinsu. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Musulmin garin suka yi masa sutura, mu sai labari.

Abin da na hango ya faru, har da ƙari. Watanni kaɗan bayan rasuwarsa farashin mai ya rikito. An yanka haraji da farashin ranar da ya mutu, aka sayar da hannayen jarin lokacin da suka zube. Lauyan ya yi ƙoƙari aka dawo da wani abu, amma bai taka kara ya karya ba. Ba wannan ne ya karya Rukayya ba. Ina tuna ranar da kwafin takardun ya iso mata. Tana zaune a teburin nan da take jiran waya, ta bi fom ɗin da yatsa, Hassan, Usaini, sai ta tsaya a kan layin da ba komai.

“Baffa, layi uku ne a form ɗin,” ta ce. “There was space.”

“Kin san Abbanki da kunya.”

“Kunya a baki take, Baffa. Wannan takarda ce.”

Wasiƙar tana sama, cikin gwangwanin biskit ɗin da nake ajiye tsofaffin takarduna. Matakala goma sha uku ce tsakanina da ita. Ban tashi ba. Na ce wa kaina ai mamaci ya ce kar a nuna mata, kuma wasiyyar mamaci abin kiyayewa ce. Da wannan na fake shekara goma sha ɗaya, alhali na san in na nuna mata sai ta tambayi yaushe aka aiko. Rukayya ta kifa kai a kafaɗar Halima ta yi kuka. A makonnin da suka biyo baya ta manne mana fiye da kowane lokaci. Na sami abin da nake so, kuma ban ji ɗanɗanon komai a cikinsa ba.

Tagwaye 'ya'yan kirki ne. Kafin shekara ta zagayo suka nemi shawarar malami, suka fitar mata da rabonta yadda addini ya ce, ba wanda ya tilasta musu. Maganar dukiya ta mutu ke nan. Amma Rukayya ta daina cewa Abba. In dole ta ambace shi sai ta ce “mahaifina,” kamar mai cika takarda. Ta sauke hotonsa daga bangon ɗakinta. Ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta yi aure, ni ne waliyyinta. A wurin ɗaurin auren mutane suna riƙe hannuna suna cewa ai kai ne ubanta na gaskiya, ni kuma ina amsawa da murmushi. Aiki ya kai mijinta Manchester, suka sami gida layi biyu daga inda aka haife ta. Da ta haifi ɗanta na fari aka sa masa Kabiru.

Ina yawan tambayar kaina me Mukhtar zai ce da ya leƙo duniyar yau. Direbobin da nake cika wa takardu yanzu su ke nuna mini waya, wai sun sayi wani kuɗi da ba a gani ba a taɓawa, jiya ya ninka yau ya narke. Na san zai zauna da su ya yi ta gardama har a kira magariba. Zai yi mini dariya har da riƙe ciki in ya ji sai da na haura sittin na bi shawararsa na fara zuba ɗan abin da nake da shi, kuma 'yarsa ce ta saita mini a waya. Zai ji daɗi in ya ga samarinmu a masallacin da nake zuwa a Ladywood ba su da hira sai ta Kanada, ya ce shi ya buɗe hanya. Tsadar gidaje a can da nan za ta ba shi haushi. 'Ya'yansa kuwa suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, da ƙarfi, a tsakiyar kanti, suna sumbatarsu a gaban kowa. Zai kau da kai don kunya, amma ina jin zai ce sun fi mu gaskiya.

Akwai abin da ban san yadda zai ɗauke shi ba. Yanzu ana shirya zama a masallatai kan rubuta wasiyya, kuma ni ake gayyata in yi bayani. Ina gaya musu su rubuta kowane suna, su bi kowane fom ɗaya bayan ɗaya, kar su ɗauka wasiyya ta rufe komai, kar su bar kunyar gida ta bi su ofishin da ba a san ta ba. Masu shirin tafiya Kanada ina ware su in ƙara musu bayani. In na gama sai a ce Allah ya saka wa Malam Kabiru, mutum mai amana.

Watan jiya Rukayya ta sake haihuwa, namiji. Halima ta dawo daga barka ta ce mini mijin ya so a sa wa yaron Mukhtar, Rukayya ta ce a nemi wani sunan. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai ba ta ga dalili ba. Na kwana biyu da wannan magana. A rana ta uku da safe na hau sama na sauko da gwangwanin, na buɗe a gaban Halima, na gaya mata komai. Ba ta taɓa sani ba. Ta karanta, ta daɗe tana kallona.

“Shekara goma sha ɗaya ina goge ƙurar gwangwanin nan,” ta ce. “Tashi ka kai mata. Yau.”

Na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester. Na same ta a falo da jaririn a cinya. Ta yi murnar ganina, ta sa aka kawo mini shayi. Na miƙa mata takardar. Karatun Hausarta ba mai sauri ba ne, don haka a fili ta riƙa karantawa, kalma bayan kalma, har ta zo kan sunanta. Nan ta tsaya.

“Rubutunsa ne,” ta ce. Ta sake kallon wurin. “Yaushe ya aiko?”

Na gaya mata. Na gaya mata abin da na gano a ɗakin karatu, da abin da na ce masa a waya, da dalilina duka biyun. Ban fake da cewa ya hana a nuna mata ba. Ta saurara har na gama, ba ta ɗaga murya ba.

“Kuɗin ba su taɓa damuna ba, Baffa, you know that. Shekara goma sha ɗaya ina tsammanin da aka ce ya lissafa 'ya'yansa, ban faɗo masa a rai ba.”

Ta gyara wa jaririn zani, ta ninke wasiƙar yadda take, ta miƙe.

“Ka sha tea ɗinka kafin ya huce,” ta ce, ta shige ɗaki.

Ba ta sake fitowa ba. Mijinta ne ya kai ni tasha. Ranar suna Halima kaɗai ta je, ba wanda ya ce kar in zo, ba kuma wanda ya tambayi ina nake. Ta dawo ta ce mini an sa wa yaro Mukhtar, kuma uwarsa tana kiran sunan a gaban kowa. Na aika wa Rukayya wannan rubutu kafin in miƙa shi, na ce in ba ta so a fasa bugawa. Ba ta ce a fasa ba. Ba ta ce komai ba.

In na auna abin da ya rage na Mukhtar, ba dukiyar ba ce. An sayar da hannayen jarin, an sayar da gidan mai gareji biyu, wasu ne a ciki yanzu. Shawarwarinsa na kasuwa wasu sun tabbata, wasu lokaci ya ƙaryata su. Abin da ya tsaya shi ne yaran da suka mayar wa 'yar'uwarsu haƙƙinta ba tare da an roƙe su ba, da yarinyar da ya ɗauko ya ba gidan da ba ɗa, da amanar da ya ba ni bai taɓa shakka ba, da suna ɗaya da ya yi ta maza ya rubuta. Ya so 'yarsa irin son da aka koya mana, wanda ba a faɗa, kuma da ya ga wannan so zai cuce ta a ƙasar da sai an rubuta ake yarda, ya nemi gyara. Ya nema a wurin da ya fi amincewa da shi.

Zan yi ƙarya in na ce kishin ya tafi. Na yi mata hidimar shekaru, shi ya rubuta layi ɗaya, kuma daga cikin kabari ya sake zuwa na ɗaya. Bambancin kawai shi ne wannan karon na san ya cancanta. Allah ya gafarta maka, Mukhtar, ka yafe wa tsoho.

Tun da ta yi aure Rukayya ba ta taɓa fashin kiranmu ranar Lahadi bayan la'asar ba. Lahadi huɗu ke nan tana kiran wayar Halima. Yau ma Lahadi ce. Tun azahar na ajiye tawa a kan teburin cin abinci, a daidai inda take ajiye tata, na ɗauko littafi na zauna kusa da ita.